Injiniya da Sifirin ɗin Motar Ƙwai

Ba wanda ya raɗa masa sunan Injiniya, shi ya raɗa wa kansa. Shekara goma sha huɗu ya yi yana tsaron sito a wani kamfanin gyaran famfo. Aikinsa ya miƙa wa masu gyara sufana da safe, su dawo masa da ita da yamma, ya goge ya rataye. Da kamfanin ya rufe, sai ya dawo gida da rigar aiki mai aljihu takwas, da kuma tabbacin cewa duk abin da ya hango ana yi ta tagar sito ya iya shi, har ya fi masu yin. Mutanen layi suka karɓi sunan hannu bibbiyu, don yana da daɗin kira idan ana neman abin dariya. Shi kuwa a ganinsa girmamawa ce.

Amma ba ilimin Injiniya ke riƙe da gidan ba, ƙwai ne. Matarsa, wadda kowa ke kira Mai Ƙwai, tana saro ƙwai daga gona tana raba wa shaguna a wata tsohuwar ƙaramar mota. Motar nan ita ce abincinsu, ita ce kuɗin makarantar yara. Kuma a ranar da abin ya faru, Mai Ƙwai ta samu abin da ta yi wata uku tana nema: babban gidan burodin da ke bayan tasha ya ce ta kawo kiret arba'in kafin ƙarfe biyar na yamma. In ta cika alkawari, ita za ta riƙa kawo musu kullum.

Da safen nan, tana dawowa daga gona, ta faɗa wani rami a bakin layi. Aka ji ƙas! Gaban motar na hagu ya durƙusa. Da ƙyar ta lallaɓa ta shigo da ita tsakar gidan hayar da suke zaune, ta sauke ƙwan a ɗaki, ta aika a kira makaniken da ke ƙarshen layi.

Makanike ya zo ya leƙa bayan taya, ya miƙe yana goge hannu.

“Sifirin ne ya karye, Yaya. Wannan murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota. Sai an sa sabo.”

“To a sa mana,” in ji Mai Ƙwai. “Ƙarfe biyar nake da alkawari.”

“Matsalar ke nan. Sabon sifirin ya fi wurin zamansa tsawo, sai an matse shi kafin ya shiga. Akwai abin da muke matse shi da shi, ƙarafa biyu masu ƙugiya, ana ɗaurawa a hankali. Nawa yana wurin wani abokina, sai gobe zai dawo. Yau dai ki bari in nemo miki motar da za ta kai ƙwan.”

Mai Ƙwai ta buɗe baki za ta ce to, sai aka ji gyaran murya daga ƙofar ɗaki. Injiniya ne, har ya sa rigar aiki.

“Me na ji kana cewa? Ƙarafa biyu?”

“Haka ne, Yallaɓai.”

“Saboda ƙarafa biyu za ka kwanar da mota? Kai, aikin hannu ya lalace. Mu lokacin da muke kamfani, sifirin ɗin da ya ninka wannan uku da gwiwa muke danne shi, muna shan shayi.”

“A kamfanin famfo?” in ji Makanike. “Famfon naku taya gare shi?”

Injiniya ya yi kamar bai ji ba. “Wannan abin matsewar da kake kuka a kansa, malalata aka ƙera wa. Mai ƙwaƙwalwa igiya ta ishe shi.”

Makanike ya daina murmushi. “Yallaɓai, ban da wasa. Abin nan in ya kuɓuce yana matse, yana iya fasa kan mutum. Na ga wanda ya raba da yatsu biyu.”

“Ai ka faɗa da bakinka, mutum. Ba ka ce injiniya ba.”

Makanike ya dubi Mai Ƙwai, ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ita kuwa ta matso kusa da mijinta ta rage murya.

“Maigida, don girman Allah ka bari a nemo motar nan. Gyaran da ka yi wa fanka har yau baya take juyawa.”

“Iska dai tana bayarwa ko ba ta bayarwa?”

“Bango take ba wa.”

“Ke dai ki zuba ido. Kafin ƙarfe biyu kina kan hanya.”

Ya fita kasuwar kayan mota, ya dawo da sabon sifirin a cikin buhu, yana rungume da shi kamar ya sayo rago. Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya kwanto shokzoba, wato dogon ƙarfen da sifirin ke naɗe a jikinsa. Gaskiya a nan abin ya ba da mamaki, don bai ɓata komai ba sai noti ɗaya da fatar bayan yatsunsa. Tsohon sifirin, da yake a karye yake, da kansa ya zubo gida biyu. Injiniya ya ɗaga guntayen ya nuna wa maƙwabtan da suka fara taruwa a kan bencin tsakar gida.

“Kun gani? Rabin aiki ya ƙare. Saura wasan yara.”

Ya zura sabon a jikin shokzoba. Sai ga shi ya zarce kan ƙarfen da fiye da taƙi guda. Ya kafa shi a ƙasa, ya ɗora murfin da ke riƙe sifirin ta sama, ya danna da hannu biyu. Ko gezau. Ya ɗora ƙirji ya saki nauyinsa duka, har ƙafafunsa suka bar ƙasa, yana lilo a sama kamar an shanya shi. Sifirin ya sauka kamar faɗin farce, ya tsaya.

“Injiniya, iyo kake koya?” in ji wani daga kan benci.

“Auna shi nake,” ya amsa da muryar da ta shaƙe. “Sai ka san ƙarfin abu kafin ka hore shi.”

Yana sauka idonsa ya faɗa kan Mahauci, maƙwabcinsu na ɗakin ƙarshe, wanda ya dawo cin abincin rana. Mahauci mutum ne da idan ya zauna a benci sai sauran su riƙe gefe kada su gangaro kansa.

“Yauwa! Ga abin matsewa Allah ya kawo. Maƙwabci, zo ka zauna.”

“In zauna a ina?”

“A kan kimiyya.”

Ya zare sifirin ya tsayar da shi a ƙasa, ya shiga kicin ya ɗauko katakon da Mai Ƙwai ke yanka albasa a kai, ya ɗora a bisa. Sannan ya tsinke igiyar shanya, ya tara kayan mutane a kan taga.

“Kai za ka zauna, ya sauka. Ni kuma in ɗaure shi ta ƙasa. Shi ke nan.”

Mahauci ya zagaya abin sau biyu. “In ya harba ni fa?”

“Ya harba ka ina? Ko jirgi bai isa ya ɗaga ka ba.”

Mahauci ya juya baya, ya sauka a hankali yana addu'a. Sifirin ya yi ƙara, ya lotsa sosai. 'Yan benci suka yi shewa. Injiniya ya kwanta rub da ciki tsakanin ƙafafun Mahauci yana cusa igiya.

“Kada ka motsa! Kada ka yi dogon numfashi!”

“Yi sauri, abin nan rawa yake a ƙarƙashina.”

“Rawar tsoro ce. Ya san wanda ya zo.”

Ana cikin haka wayar Mahauci ta yi ƙara a aljihun baya. Mutum da sabo, sai ya karkata gefe guda zai ciro ta. Katako ya goce. Sifirin ya fice ta gefe da gudu, ya bi ta kan Injiniya ya tafi da hularsa, ya daki ƙofar banɗaki. Wani da ke ciki ya ƙwala ihu. Mahauci kuwa ya tafi da baya, ya zauna daram cikin bahon wankin da aka jiƙa, ruwan sabulu ya yi tsalle har kan 'yan benci.

Sai da mutum uku suka kama kafin aka zaro shi daga bahon. Wandonsa ya rabu biyu tun daga ƙugu.

“Laifinka ne,” in ji Injiniya yana karkaɗe ƙasa daga gemunsa. “Na ce kada ka motsa. Ana aikin kimiyya kana amsa waya.”

“Kimiyyar gidanku!” in ji Mahauci. Ya tafi ɗaki da baya da baya, ya sauya wando, amma ya dawo. Ya ce ko ba komai sai ya ga ƙarshen wannan abu.

Ƙarfe ɗaya da rabi. Mai Ƙwai ta tsaya da guntayen katakonta a hannu.

“Maigida, ya isa. Zan kira Makanike ya nemo motar.”

“Ki kira shi ki ce me? Mijina ya kasa? A gaban mutanen nan? In kin yi haka kin tsinka ni a layi.” Ya sassauta murya. “Wancan gwaji ne. Yanzu na gano inda matsalar take. Nauyi mai rai ba shi da amana. Nauyin da ba ya amsa waya ake nema.”

Ya ɗaga kai yana dube-dube, sai ya ga matakalar siminti da ke hawa bene, inda Iya, tsohuwar da ta mallaki gidan, take zaune. Ƙarƙashin matakalar akwai fili daidai tsayin ƙugu. Fuskarsa ta washe.

“Jak a ƙasa, sifirin a tsakiya, bene a sama. In na ɗaga jak, ina zai je? Dole ya durƙusa.”

“Jak ɗin ai shi ke riƙe da mota,” in ji Mai Ƙwai.

“Ku tashi daga bencin nan.”

Ya kori 'yan kallo, ya jawo bencin ya tura ƙarƙashin motar, ya cika gibin da bulo biyu da wani tsohon littafi. Ya sauke jak. Bencin ya yi wani irin nishi, ya lanƙwasa a tsakiya, amma ya riƙe.

“Katakon da ne,” in ji Injiniya. “Ya ɗauki Mahauci shekara shida, mota ce za ta gagare shi?”

Ya kai jak ƙarƙashin matakala, ya ɗora sifirin, ya fara juya hannun. Wannan karon abin ya yi aiki. Sifirin ya fara sauka, zobe yana matsowa kusa da zobe. Mutanen layi suka riƙa shigowa, mai shago ya rufe shagonsa, mai aski ya zo da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ya biyo shi da rabin kai. Injiniya yana juyawa yana bayani, gumi na ɗiga daga hancinsa.

Sai garin siminti ya fara zubo masa a ƙeya. Wata siririyar tsaga ta bi ƙasan matakalar kamar an ja layi da biro.

“Wane ne ke ɗaga mini gida?”

Iya ce a saman bene, da sandarta.

“Ba kowa, Iya. Aro na yi na ɗan nauyin benenki, yanzu zan mayar.”

“Ina zaune kofin shayina ya kama tafiya a kan tebur! Kai ɗan nan, shekara talatin benen nan yana zaune lafiya, sai yau za ka koya masa tashi?”

“Tsagar nan tsohuwa ce, Iya. Ni na tona ta ne kawai. Ki gode Allah injiniya ya gano miki ita.”

“Zan gode maka da sandar nan in na sauko. Kuma ba zan sauko ta kan abin da kake jijjigawa ba.”

Haka Iya ta maƙale a sama tana zazzaga masa ta uwa ta uba, shi kuma ya koma kan aikinsa. Sifirin ya matsu yadda ake so, saura ɗauri. Igiyar shanya ta riga ta tsinke a zaman Mahauci. Ya kwance wayar rataye kaya guda huɗu ya naɗa, ya murɗe da filaya, amma ko shi ya ga ba za su isa ba. Ya miƙe ya dubi jama'a, daga fuska ya gangara zuwa ƙugu.

“Duk mai bel ya ciro.”

Aka yi cirko-cirko.

“Minti biyar ne. Wanda ya ba da bel, gobe in ana ba da labari da sunansa a ciki.”

Shi ya fara zare nasa. Mai shago ya ba da, mai aski ya ba da, mai rabin aski ya ba da, wani baƙo da ya shigo tambayar hanya shi ma aka karɓe nasa. Mahauci ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai bayar ba, sai aka yi masa caa, har ya zare. Nasa kaɗai ya zagaya sau uku. Bel shida, maza shida tsaye kowa ya riƙe wando da hannu ɗaya.

Injiniya ya ɗaure su tamau, huɗu a ɓangaren da hannunsa ke kaiwa, biyu a ɓangaren bango. Ya fara sauke jak a hankali. Fatun suka yi ƙara, suka miƙe, suka riƙe. Matakala ta rabu da sifirin. Sifirin ya tsaya a matse, gajere, shiru.

Tsakar gida ta ɓarke da tafi, masu hannu ɗaya suna buga cinya. Har Mai Ƙwai sai da ta saki ajiyar zuciya. Ƙarfe uku da kwata, da sauran lokaci.

Da a nan Injiniya ya zura abin a shokzoba ya ɗaure noti, wataƙila da yau wani labarin ake bayarwa. Amma tafi ya shiga kansa.

“Maman yara, loda ƙwai.”

“A motar da ke kan benci?”

“Loda, na ce. Ina ɗaura taya ki tayar. Ba na son a ce ni na makarar da ke.”

Ta dubi agogo, ta dubi sifirin da ke zaune lafiya, ta dubi idanun jama'a. Ta loda kiret ashirin da biyar a but da kujerar baya, ta ce sauran sai ta ga taya a ƙasa.

“Yanzu kuma a kira mini Makanike,” in ji Injiniya.

“Maigida, sa abin nan mu tafi!”

“Ba zan sa ba sai ya gani da idonsa. Ilimi ba a ɓoye shi. Yaron nan yana da iyali, gara ya koya.”

Mai shago ya tafi kiransa, yana tafe yana jan wando. Injiniya kuwa ya ɗauki sifirin ya rungume a ƙirji, ya hau kan tayar da ya cire don kowa ya gan shi, ya fara jawabi. Ya yi magana a kan lalacin masu sana'ar zamani. Ya ce zai buɗe makaranta. Ya ce akwai ƙasashen da in suka ji wannan dabara jirgi za su aiko a ɗauke shi, shi ne dai ba ya son sanyi.

“Injiniya,” in ji mai aski, “kamar abin nan yana lanƙwashewa.”

Gaskiya ne. Ɓangaren bel biyu ya fara buɗewa, sifirin ya karkata kamar ayaba.

“Gaisuwa yake yi,” in ji Injiniya.

Wata waya ta tsinke, ting! Ya ɗaga murya don ya rufe ƙarar.

Daidai nan Makanike ya shigo. Ya yi taku biyu, ya ga abin da ke rungume a ƙirjin mutumin, sai ya daka tsalle ya koma bayan ginshiƙin ƙofa.

“Yallaɓai! Ajiye shi! A hankali, ka juya bakinsa bango, ka ajiye! Jama'a ku watse!”

“Kun ji ko?” in ji Injiniya yana dariya. “Hassada. Fito ka ga aiki, ɗan ƙarafa biyu. Fito ka taɓa da hannunka.”

“Wallahi ko da sanda ba zan taɓa ba! Yaya, janye yara!”

Mai Ƙwai ta tura yara ɗaki ta ja ƙofa. Injiniya ya ɗaga sifirin sama da kansa da hannu biyu, kamar wanda ya ci kofi. Da ya saki ƙugunsa, wandonsa ya sulale ya sauka har idon sawu. Jama'a suka kwashe da dariya. Ya saki hannu ɗaya zai kamo wando.

Bel ɗin baƙo ne ya fara tafiya. Tas! Na mai aski ya bi. Kan ƙarfen bel ɗin ya daki Injiniya a baki. Sauran huɗun suka zame gaba ɗaya, sai aka ji wani irin ƙara kamar an buga ƙaton ƙararrawa.

Ba wanda ya ga tashin sifirin, sai aikinsa aka gani. Ya yi sama ya huda tankin ruwan roba da ke kan ƙarafa a gefen bene. Ya daki bango ya dawo, ya sauka a tsakiyar gilashin gaban mota, gilashin ya zama gari. Motar ta girgiza. Bencin da ya yi awa biyu yana haƙuri ya ce ya gaji, ya karye biyu. Gaban motar ya faɗi ƙasa da ƙarfi, bayanta ya yi tsalle, daga ciki aka ji wata ƙara mai laushi, doguwa, wadda duk mai sayar da ƙwai ya san ma'anarta.

Maza biyar suka ranta a na kare, kowa da wando a hannu, suka cushe a ƙofa ɗaya. Mahauci ya toshe ta, sauran suka taru a bayansa suna turi. Ruwan tanki ya zubo kamar an buɗe kogi, ya bi matakala, ya haɗu da ruwan ƙwai da ke tsiyayowa ta ƙasan ƙofofin mota, tsakar gida ta zama rawaya. Injiniya ya yi yunƙurin gudu, wando ya harɗe shi, ya zauna a ciki.

Sifirin ya gangaro daga kan mota, ya yi tsalle biyu ƙanana, ya zo ya tsaya a miƙe a gabansa, da tsawonsa kamar yadda aka sayo shi.

Ruwan tanki ya ci gaba da zuba. Sannan muryar Iya ta sauko daga sama.

“A tambaye shi, jirgin da za a aiko ƙarfe nawa zai iso? In haɗa masa kaya.”

Makanike ya fito daga bayan ginshiƙi yana taka ruwa a hankali. Ya fara duba bakin Injiniya. Haƙori ɗaya na gaba ya tafi, leɓe ya kumbura, amma idanu da yatsu suna nan.

“Ka yi arziki, Yallaɓai. Da ƙirjinka ya bi, da yanzu wani zancen ake.”

“Bel ɗin ne,” in ji Injiniya, iska na fita ta gibin. “Fatun yanzu ba su da inganci. Lissafina daidai yake.”

Makanike ya ɗauki sifirin, ya haɗa guntayen tsohon a gefensa, ya duba, ya sake dubawa.

“Wa ya ba ka wannan?”

“Ni na zaɓa. Sun miƙo mini wani ɗan siriri, wai shi ne na motar. Na ce su ba ni na maza.”

“Na motar ɗaukar kaya ne. Ko da abin matsewa goma ba zai zauna a motar nan ba. Ko ka yi nasarar sa shi, da gefe ɗaya yana kallon sama.”

Dariyar da aka yi a bakin ƙofa sai da ta jawo mutanen layi na biyu.

Mai Ƙwai ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta buɗe but ta duba, ta rufe. Ta dubi agogo: huɗu saura minti biyar. Ta kira gidan burodi, ta gaya musu gaskiyar abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Aka ce ta kawo abin da ya tsira kafin biyar, sauran gobe da safe, amma in ta sake makara shi ke nan.

“Maƙwabci,” ta ce wa Mahauci, “ara mini baronka.”

Ta shimfiɗa bargo a cikin baron, ta jera kiret goma sha biyar ɗin da suka rage a ɗaki, ta ɗaure da zani. Makanike ya ce zai nemo mota. Ta ce a'a, ya gode, tana da direba.

Ta juya ta dubi mijinta, wanda ya miƙe yana ɗaure wando da guntun igiyar shanya.

“Maigida, kama.”

“Ni? In tura baro a titi? Da rigar aiki? Maman yara, mutane sun san ni.”

“Yau ma sun ƙara saninka. Kama.”

Ya nemi wanda zai goya masa baya a cikin jama'a. Mai aski yana tsintar guntayen bel ɗinsa. Iya tana nuna tsagar matakala da sanda, tana cewa yana dawowa zai tarar da ita. Injiniya ya sunkuya ya kama hannayen baro.

Suka fito layi, shi a gaba yana turawa, ƙwai na bushewa a gemunsa, ita a baya taku ɗaya, idonta a kan kaya. Masu shaguna suka fito ƙofa suna yi masa sannu da aiki. Ya ƙi kallon kowa. Sun wuce kwana ta farko ke nan tayar baron ta fara kuka, ƙiii, ƙiii, duk juyi ɗaya. Injiniya ya saurara. Ya rage tafiya. Ya karkata kai yana leƙen tayar, hannunsa na dama ya saki baro ya nufi aljihun da filaya take.

“Maman yara, minti biyu kawai. Na gano abin da ke...”

“Tura,” in ji Mai Ƙwai.

Ya tura.